Idirojan ko haidurojin: mu nema masa suna, mu san gidan da za a sauke shi

Salamu alaikum malamai da ɗalibai, na nan Maradi da na ƙetaren iyaka. Kalma ɗaya nake nema, amma tana jan wata tambaya a bayanta, don haka ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Ina koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, a wani lise a garin nan. Makon jiya na rataya jadawalin nan na sinadarai a jikin allo, wanda ake ce wa tableau périodique, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, kun ce duk waɗanda ke layin farko daga sama zuwa ƙasa dangin ƙarfe ne. To shi H ɗin da ke bisa kansu ai iska ce. Mi ya kai shi can?" Na amsa mata da Faransanci, ta rubuta a kaye, amma fuskarta ta nuna ba ta gamsu ba. Da na juyo Hausa don in warware mata, sai na tarar abin da nake son magana a kansa ba shi da suna a bakinmu. Mu nan idirojan muke cewa, yadda kunnenmu ya ɗauko hydrogène. 'Yan'uwanmu na Jibiya da Katsina haidurojin suke cewa. Mu da su uwa ɗaya uba ɗaya, ga abu ɗaya da suna biyu, kuma a cikin biyun babu wanda ke gaya wa yaro komai.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Jami'ar garinmu kuma sunan Dan Dicko Dankoulodo take ɗauke da shi, mutumin da shi kansa masanin sinadarai ne. Ina jin nauyin a ce a irin wannan gari sinadari na farko a jadawali ba shi da sunan da za a kira shi a tsakar gida.

Sunan Turawan yana da ma'ana ga masu shi. A 1766 Henry Cavendish, mutumin Ingila, ya jefa tutiya da baƙin ƙarfe cikin asid, ya tara iskar da ke tasowa, ya auna ta ya ga ba ta da nauyi ko kusa da wadda muke shaƙa. Yau mun san tazarar ta kai wajen sau 14. Kuma da ta ga wuta sai ta kama. Daga baya aka lura in ta ƙone raɓa ce ke kwantawa a jikin kwalba, ruwa tsantsa. Antoine Lavoisier na Faransa ya tabbatar da haka a 1783, kuma a tsarin sunayen da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1787 aka haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya ruwa, ɗaya haihuwa. Jamusawa ba su ari kalmar ba, Wasserstoff suka ce, wato kayan ruwa. Rashawa suka ce vodorod, ruwa da haihuwa da nasu bakin. Japanawa ma a kan kalmar ruwa suka gina nasu. To mu fa? Ku kawo abin da ya zo muku, ba a rasa nono a ruga.

Ƙari, bayan azahar

Mutane da dama sun ce in fara bayyana rigimar gidan, wato inda ya dace a ajiye H a jadawali, kafin a shiga suna, kuma sun yi gaskiya, don wasu sunayen da aka fara turo mini a kan gidan aka gina su.

Ku dubi kalandar da ke rataye a shagon tela. Kwanaki na tafiya 1, 2, 3, amma duk bayan bakwai Juma'a ta zagayo, sai ka ga Juma'o'in wata sun jeru ƙarƙashin juna. Abin da Dmitri Mendeleev na Rasha ya gani ke nan a 1869, lokacin sinadarai 63 aka sani: in ka jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, halaye na zagayowa. Yau sun kai 118, kuma da yawan furoton ake jera su, wato 'yan ɓurɓushin da ke tsakiyar kowace ƙwayar sinadari, yawansu kuma shi ne lambar sinadarin. Layin da ya kwanta ni sahu nake kiransa a aji, kamar sahun salla, guda 7 ne. Wanda ya miƙe daga sama zuwa ƙasa kuwa gida nake cewa, guda 18, don 'yan gida ɗaya halinsu ɗaya.

Gida na 1 ba baƙonmu ba ne. A nan sodiyam yake, kuma alamarsa Na daga natron ta fito, wato kanwa, wannan dai da ake jefawa a wake da kunu. A nan fotasiyam yake, alamarsa K kuma asalinta kalmar Larabci ce ta tokar tsirrai, irin wadda iyayenmu mata ke tacewa su sami ruwan toka. Daga kalmar ce aka sami alcalin, ba ruwanta da alƙalin kotu. Litiyam na batirin salula shi ma ɗan gidan ne. Ni gidan kanwa da toka nake kiransa. Elektaron su ne 'yan ɓurɓushin da ke kewaye tsakiyar ƙwaya zobe-zobe, kuma kowane ɗan gidan nan yana da guda a zobensa na waje, ba ya kuma ƙyashin ba da shi. Ƙarafa ne masu taushi, sodiyam da wuƙa ake yanka shi, cikin mai ake ajiye shi, in ya taɓa ruwa ya hau tsalle yana huci.

Can ɗaya gefen akwai gida na 17: fulorin, da kulorin wanda warinsa ke tashi daga ruwan javel, da iyodin da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. Su elektaron guda ya rage zobensu ya cika, don haka karɓa suke yi. Sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓe, ga gishirin miya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sahu na biyu da na uku mutum takwas-takwas ne, don haka na farkon sahu da na kusa da ƙarshe akwai mutum biyar tsakaninsu. Sahun farko kuwa mutum biyu ne rak, H da hiliyam, domin zoben farko elektaron biyu kawai yake ɗauka. A sahun mutum biyu, na farko shi ne kuma na kusa da ƙarshe, shi ne kuma rabin sahu. H yana da elektaron guda kamar 'yan gidan kanwa. Guda ya rage ya cika kamar 'yan gidan kulorin. Zobensa rabi ne kamar kabon, wato gawayi, mai huɗu cikin takwas. Gida uku kowane na da hujjar cewa nasa ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

In an koma ga awo, gidan kanwa ba ya samun goyon baya sosai. Ƙarfin da ake bukata kafin a fizge elektaron daga sodiyam kilojul 496 ne a kowane mol (kilojul ma'aunin ƙarfi ne, mol kuma ma'aunin yawan ƙwayoyi), litiyam 520. Na H kuwa 1312, dab da kulorin mai 1251. A ma'aunin Pauling na kwaɗayin elektaron sodiyam 0.93 gare shi, kulorin 3.16, H kuma 2.20, kusa da kabon mai 2.55. Iska ce, ƙwayoyinsa bibbiyu suke tafiya kamar na kulorin, ba ya zama ruwa-ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri. In ya haɗu da sodiyam ma shi ke karɓar elektaron, kamar yadda kulorin zai yi. Eric Scerri, wanda ya daɗe yana rubutu a kan tarihin jadawalin, ya taɓa kawo wata hujja mai daɗin lissafi: lambar H 1 ce, fulorin 9, kulorin 17, kuma 9 ita ce tsakiyar 1 da 17. Marshall Cronyn kuma a 2003 ya ce bisa kan kabon ya dace a sa shi.

Amma kada a raina gidan farko. A yawancin haɗuwarsa H ɓangaren mai bayarwa yake tsayawa, shi ya sa HCl, haɗinsa da kulorin, ta yi kama da NaCl, gishirin miya, a rubuce. Kuma tun 1935 Eugene Wigner da Hillard Huntington suka lissafa cewa in an matse shi matsa mai tsanani zai koma ƙarfe, abin da masana ke ganin yana faruwa can cikin duniyar Mushtari. Jadawalin IUPAC, hukumar masana sinadarai ta duniya, wanda littattafanmu ke bi, bisa kan litiyam ya ajiye shi. Wasu littattafan kuwa sukan ɗage shi sama shi kaɗai, ba a kan kowa ba.

Ƙari na biyu, bayan isha'i

Na gode ƙwarai. Ban yi zaton abin zai tara mutane haka ba. Bari in bi sunayen da aka kawo.

Wanda aka fi turowa shi ne iskar ruwa. Yana da daɗin faɗa, amma akwai mai shi. Ka ce wa manomin Gulbi iskar ruwa ta taso, zai ɗaga kai ya dubi gabas ne ya ce a kwashe shanya. Yaron lakwal kuma tururi zai ɗauka, kuma wannan kuskure ne da nake fama da shi kowace shekara: su ga tukunya na tafasa su ce ga idirojan yana fita. Tururi ruwa ne har yanzu, bai rabu da komai ba. Sunan da zai ƙara wa wannan kuskure ƙarfi ba zan kai shi aji ba.

Uwar ruwa, da wata 'yar'uwa ta kawo daga Damagaram: Hajiya, na fahimci nufinki, amma kin san abin da yaro zai tuna in ya ji uwar ruwa, wadda ake tsorata shi da ita don kada ya je tafki. Jemage kuma, da wani ƙanena ya kawo don wai ba ga tsuntsu ba ga dabba, ya kama halin, sai dai sunan wata halitta ne da muke bukatarta a darasin dabbobi.

Malam na Katsina, maganarka ita ce mafi nauyi, kuma na daɗe ina juya ta. Ka ce a bar kalmar aro kurum, don yaro jarrabawa zai rubuta, likita da injiniya kuma sunan duniya suke aiki da shi, kuma Larabci da Suwahili duk aro suka yi ba su ragu da komai ba. Ka ƙara da cewa fassara suna tana iya jawo kuskuren masu sunan, ka ba da misalin oksijin. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata kowa ya sani: ma'anar oxygène ita ce mai haifar da tsami, don Lavoisier ya zaci kowane asid da shi a ciki. Humphry Davy ya nuna a 1810 cewa asid ɗin da ake samu daga gishiri babu oksijin a cikinsa ko kaɗan, kuma daga baya aka gane H ɗin nan namu shi ne mai tsamin. Duk da haka, Allah gafarta Malam, in mun ce aro, aron wa? Naka ko nawa? Kai ba za ka ce idirojan ba, ɗalibaina kuma haidurojin baƙo ne a kunnensu. Kalmar Hausa ce kaɗai za ta ƙetare Ɗan Isa ba a tambaye ta takarda ba. Alamar H tana nan yadda take, sunan Turanci da na Faransanci kuma za a ci gaba da koyar da su don jarrabawa. Sunan oksijin kuskure ne, na H kuwa gaskiya ne da za a iya nuna wa yaro da kwalba da ashana.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa zama jarrabawa ba amma kullum suna tare da iskar nan. Mai cajin batirin mota a shago rufe, iskar da ke tasowa daga batirin in caji ya yi yawa ita ce, ba launi ba wari, tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Mai haɗa sabulu da ta zuba soda a tukunyar alminiyam ta ga tana kumfa tana cin tukunyar, ita ce ke fita. Takin yuriya da manomi ke saye, da ita aka haɗa shi a masana'anta. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, a 1987, masu haƙar rijiyar burtsatse ruwa suka je nema suka ci karo da iska mai kamawa da wuta, daga baya aka auna aka ga kusan tsantsar H ce, har aka yi wasu shekaru daga 2012 ana ba ƙauyen lantarki da ita. Waɗannan mutane da Hausa ko Bambara za a yi musu gargaɗi, kuma gargaɗi yana son suna.

Saura biyu da suka fi kusa: mahaifin ruwa da haifi-ruwa. Na farkon ya ba H ruwan gaba ɗaya, alhali in an auna nauyi kashi 8 cikin 9 na ruwa oksijin ne, ko da yake in ƙirga aka yi H biyu ne oksijin ɗaya. Na biyun aiki yake faɗa: ƙone shi ka ga ruwa. Gininsa kuma irin namu ne, kamar nemi-naka, kamar zaɓi-sonka na gidan rediyo. Wani ya ce haifa-ruwa, kamar dafa-duka, amma mu "ta haifi ɗa" muke cewa, don haka haifi ne daidai.

Wani malamin zaure ya yi tambaya cikin ladabi, ko faɗar haka bai taɓa aƙida ba, tunda Allah ne Ya halicci ruwa. Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Haihuwa daban, halitta daban. Muna cewa fari ya haifar da tsadar hatsi, muna cewa akuya ta haihu, ba wanda ya ɗauka su suka yi halitta. Sababi ne kawai muke nufi.

Ƙari na uku, da safe

Jiya da dare akwai sunan da na tsallake da gangan, agola. Mutum uku suka kawo shi, suna cewa yana zaune a gidan kanwa amma ba jinin gidan ba ne. Ya burge ni da farko, har na fara tunanin in yi amfani da shi wajen bayani. Da asuba na je gaida Inna, ita Bagobira ce 'yar Tsibiri, ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ta tambaye ni abin da ya hana ni barci, na kwashe labarin na gaya mata yadda zan iya: wani abu ne da ya riga kowa zuwa, shi ne lamba ɗaya, an rasa sunan da za a kira shi, an kuma ajiye shi a gidan da ba nasa ba. Ta yi shiru kaɗan, ta ce: "Wanga ba agola na ba. Ɗan hwari na."

Na zauna na rasa abin cewa. Yayanmu shi ne ɗan farinta. Har yau ba ta faɗin sunansa, kuma tun da aka yaye shi gidan kakarmu ya tashi, can ya yi wayo, can aka yi masa kaciya. Ba don ba a son shi ba, kowa ya san haka al'adar take. Agola daga baya yake zuwa ya tarar da 'yan gida. H kuwa kowa shi ya tarar. Masana sararin sama sun ce shi ne farkon sinadarin da ya samu, har yanzu kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin sinadaran da ke sammai shi ne, rana shi take narkawa ya koma hiliyam muna samun haske, yawancin sauran sinadaran kuma a cikin taurari aka dafa su daga baya. Abin da ke da wannan matsayi ban yarda a kira shi da kalmar da ake yi wa yaro gori da ita ba, kuma a kowane aji akwai yaron da kalmar za ta soka.

Ga inda na tsaya, in jama'a sun amince. Sunansa haifi-ruwa, namiji ne a nahawu, alamarsa H. Na gwada shi a jimla ya zauna: ruwa haɗin haifi-ruwa ne da oksijin, a buɗe taga, batir na fitar da haifi-ruwa, haifi-ruwan da ke cikin kwalbar ya ƙone. Wata ungozoma ta rubuto cewa mata za su iya jin sa kamar zancen naƙuda. Na gode Iya, abin lura ne, shi ya sa a farkon ambato za mu riƙa cewa iskar haifi-ruwa har kunne ya saba. Ɗan fari kuma laƙabinsa ne, da shi za mu amsa tambayar gida. Ban so ya zama sunan ba, domin sunan bai kamata ya rataya a kan rigimar da masana ba su gama ba.

Ra'ayina a kan gidan, tunda an tambaya: ba na ganin ɗan gidan kanwa ne, ba na kuma ganin komawa da shi gidan kulorin zai gyara komai, don can ma da ka jera halayensa za ka ga rabi sun ƙi. Riƙo ake yi masa a gida na 1. A takardar jarrabawa ɗalibaina a nan za su sa shi, yadda littafi ya ce. A allo kuwa ranar Litinin zan zana akwatinsa da alli mai wani launi, in ɗaga shi kaɗan sama da litiyam in bar tazara, in ja ɗigo-ɗigo daga gare shi zuwa kan fulorin, sannan in kira ɗalibar nan ta bayyana wa 'yan ajin dalili da Hausa.

Halogène ma, sunan da ake kiran 'yan gida na 17 da shi, haifi-gishiri ke nan kai tsaye, ma'anarsa ke nan a Girkanci kuma gaskiya ne. Oksijin ne ba zai shiga wannan ƙira ba. Malam na Katsina, kai ka ɗaga maganarsa, don Allah kai za ka buɗe mana ita.